Saran Malam a Jikin Bagaruwa

Har na mutu ba zan manta da ranar da na koma aiki bayan na fita takabar Malam Haruna ba, Allah ya ji ƙansa. Zainabu, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara. Ku da kuka zo mashtal daga baya, ku saurara.

Mashtal shi ne wurin renon 'ya'yan itatuwa. Namu yana ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar, ni kuwa aikina cika leda da ƙasa da ban ruwa, babu wanda na fi muƙami. Malam shi ne gafir, wato mai gadin kurmin bagaruwar da ke kwari a gabas da gari.

A shekarar, kafin yaƙin nan, hukuma ta so faɗaɗa ƙauyen. Yadda ake yi, muhandis, wato injiniya, ya auna ƙasa ya zana taswira, lajna, wato kwamitin gari, ta duba, sannan mufattish, babban jami'in hukuma, ya sa hannu. Muhandis ɗin saurayi ne mai suna Usman, jikan Hausawan Hasahisa, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Da rani ya yi awonsa, ya ga kwarin a bushe, ƙasa ta tsattsage. Ya tambayi dattawan lajna amfanin wurin, suka ce babu. Ina za su sani? Mu mata ke zuwa tsintar 'ya'yan bagaruwa don jima da maganin mura, mu ke kai awaki. Kuma baƙo ya zo da takarda, wa zai ce masa a'a?

Da safen da na koma aikin, shugaban mashtal ya ce mu daina renon bagaruwa, za a sare kurmin a cike kwarin a yi gine-gine. Na ajiye butar ban ruwa, hannuna duk taɓo, na tafi inda muhandis ya shimfiɗa taswirarsa a kan mota.

Na ce, "Bashmuhandis, nuna mini kwarin a takardar nan."

Ya yi murmushi ya ce, "Hajja, a juye kike kallonta."

"To ni ban iya taka ba. Zo ka ga tamu."

Ya biyo ni da takalminsa mai sheƙi, yana tsallake kashin awaki kamar mai rawa. Na kai shi gindin babbar bagaruwar da ke tsakiya. Kowace damina, idan ruwan kogi da na sama suka cika kwarin, suna janyewa Malam zai je ya duba inda laka ta tsaya a jikin itacen, ya yi sara ɗaya da gatarinsa. Ba wanda ya sa shi. Ni ma dariya nake yi masa, ina cewa bishiya ba ta yi masa laifi ba.

Na ce, "Ɗana, tsaya nan. A takardarka me ke wurin nan?"

Ya duba ya ce, "Makarantar 'yan mata."

Na ɗora yatsana a saran da ke can sama da sauran. Daidai kunnensa yake.

"To ka ƙara zana musu jirgin ruwa, da malamin da zai koya musu iyo."

Ya cire tabarau, ya shafa saran ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da Larabci. Can ya ce, "Idan muka cike kwarin, ina ruwan zai tafi?"

"Ɗakina ne na farko a hanya. Daga nan sai na Liman, wanda ya ce maka wurin ba shi da amfani."

Muna cikin haka idona ya faɗa kan saran ƙarshe. Ɗan ƙarami ne, da ƙyar ya ci ɓawo, don lokacin ciwo ya riga ya cinye ƙarfin Malam. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, kamar yadda nake yi yanzu. Yaron mutane ya rasa abin yi, ya tsuguna yana ta ba ni haƙuri da Larabci, "Malesh, Hajja, malesh," wandonsa na ofis a cikin ƙaya.

Kwana uku muna zagaya gari da shi, mu mata huɗu. Muka nuna masa inda ruwa ke bi, da inda iska ke shigowa da ƙura daga gonaki. Ya sake zane. Kurmin ya zauna da koren launi, makaranta ta hau tudu, aka ja layin darbejiya a bayanta. Mufattish ya yi gunaguni kan ɓata lokaci, amma ya sa hannu.

Abin da na koya shi ne, mai zane ba mugu ba ne, abin da aka nuna masa yake zanawa. Idan kun ga baƙo da abin awo, kada ku tsaya gaisuwa kawai, ku ja shi zuwa inda ruwa ke kwana. Bana ni na ɗauki gatarin na je na yi saran. Ya karkace, amma yana daidai inda laka ta tsaya.