Kunnuwan Duna

Duk wanda ya san fadamar Lambara ya san Sodangi mai albasa, dogon dattijon nan da ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Shekara talatin yana noman rani, ko cacar baki bai taɓa yi da kowa a kan ruwa ba. Aibinsa ɗaya ne, tsoron bakin mutane.

Yana da wani baƙin kare, Duna, mai gadin rumbun albasarsa. Duna akwai kunne. Akuya ta taka kara a can ƙarshen gona, sai ka ji ya kama haushi. Sodangi na sonsa, amma so na nesa-nesa. In rana ta ƙwalle sai ya ɗaga tiyon injin ban ruwa ya fesa masa tun daga kai har wutsiya, shi a ganinsa gata yake yi masa.

Sai kunne ya soma wari. Duna ya dinga kaɗa kai yana susa har jini. Sodangi ya shafa masa baƙin mai da tsinke, abin ya lafa, ya dawo. A karo na uku matarsa Zulai ta matsa masa lamba, ya tafi Bodinga wurin Malam Yahaya, malamin dabbobi, ya kwashe labari ya gaya masa.

"Baba, ruwan ga da kaka hesa mai, shi ka kwana cikin kunne nai," in ji Malam Yahaya. "Ka bari. Ga magani, ka riƙe kai nai ka share, ka ɗiga sahe da marece har sati biyu. Ko ka ga sauƙi, kada ka tsaya."

Kwana uku Sodangi yana yi, kan Duna a kan cinyarsa. Rana ta huɗu abokan sahunsa suka biyo ta gonar, ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Sodangi, da hannun ga za ka gaisa da mu?"

Wasa ne, shi ma ya sani. Amma ya ture karen, ya cusa kwalbar maganin a jinkar rumbu. Ya ce wa kansa ai warin ya tafi.

Bayan wata biyu ciwon ya dawo, kunne biyu a lokaci ɗaya. Malam Yahaya ya zo da kansa ya duba, ya ce ya riga ya ci ciki. Magani zai kashe zafin, amma ji kam ya tafi. Bai tambayi kwalbar ba, Sodangi ma bai iya ɗaga ido ba.

Yanzu kullum da safe za ka same shi a ƙofar gida, inda kowa ke wucewa, da kan Duna a cinyarsa yana ɗiga magani. Babu wanda ya sake tsokanarsa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Ashe abin da ya ji wa tsoron bai taka kara ya karya ba.

In ya gama yakan sunkuya ya ce, "Ka yahe mini, Duna." Karen sai ya ci gaba da kallon hanya, bai san an yi magana ba.