Afra da Ɗakin da Ba a Kullewa

Kakan Afra Gufler ne ya gina masaukin nan na kan tsauni, da duwatsun da alfadari ya hauro da su, wasu ma shi da kansa ya ɗauko su a gadon bayansa. Dusar ƙanƙara ta taɓa gangarowa ta share ginin kaf, ubanta ya sake ɗagawa. Lokacin yaƙi sojoji suka ƙone kujerun don jin ɗumi, bayan sun tafi aka sassaƙa wasu.

Afra ta gaji wurin har da al'adarsa. Duk shekara, kafin sanyi ya toshe hanya, takan kulle babban ɗaki ta bar ƙaramin a buɗe, ta jera itace cikin murhu, ta ajiye ashana a gefe, ta rataye barguna saboda ɓeraye, sannan ta sauka ƙauye. Duk wanda guguwa ta ritsa da shi, tura ƙofa kawai zai yi ya tsira da ransa. Yawancinsu ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, ba ta kuma damu ba.

To, bara wasu 'yan iska suka yi shagali a ciki, suka fasa taga, suka bar mata ƙazanta. Ƙungiyar masu hawan tsauni, wadda ginin yake hannunta yanzu, ta zauna can ƙasa cikin ɗumi ta yanke hukuncin a riƙa kulle ƙaramin ɗakin ma. Shugabanta Ignaz, ɗan wan Afra, ya hauro da kansa yana haki, da kwaɗo a aljihu.

"Goggo, ba ni na yanke ba. Kin san wake ɗaya ke ɓata gari."

"Sai a hana kowa cin tuwo kenan? Kai Ignaz, da ka yi tumbi hankalin ma ciki ya koma?"

"Taga fa suka fasa!"

"Taga na gyara. Wanda ya daskare a bakin ƙofa, kai za ka gyara shi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce doka ce: idan mai kula da masauki ba ta nan, dole a kulle.

"Idan ina nan fa?"

"Ai wannan ba magana. Amma jibi za ki sauka."

Afra ta dubi jakarta da ta riga ta ɗaure. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwa ta ƙi, ta kuma san sanyin wurin nan ba ya jin magiya. Ta ji tsoro, gaskiya, amma haushi ya fi tsoron ƙarfi. Ta kwance jakar, ta fara mayar da kaya mazauninsu.

"Goggo, don Allah! Wata biyar fa ba mai iya hawowa ya duba ki."

"To ka hanzarta. Ka aiko min da dankali da man fitila kafin hanya ta rufe. Kwaɗon kuma tafi da abinka, ka kulle bakinka da shi."