Duniyar Da Ta Fashe A Mariri

Wudil. Ana sallame asuba na fito, rungume da kwali. A ciki akwai fitila mai batir, da ƙwallon yumɓu da na lulluɓe da auduga, na soke shi a waya. Fitilar ita ce tauraro, ƙwallon kuwa duniyar da ke kewaya shi. In ya gifta, haske ya ragu, ɗan abin da ya ratsa audugar shi ke faɗin irin iskar duniyar. Da shi zan tsaya gaban malamai a Kano ƙarfe goma, su ba ni gurbin karatu ko su hana.

Na manta Juma'a ce, ranar kasuwar shanu. Awa biyu motarmu ta yi a bakin gada, ƙaho na gogar gilashi.

"Direba, za mu kai kuwa?"

"'Yan mata, tambayi bijimin nan, shi ne gaba."

Mariri. Soja sun koma bariki, amma shingen yana nan. Ɗan sanda ya ga waya ta leƙo daga kwalina.

"Mene ne wannan?"

"Duniya ce, yallaɓai."

Ya ɗaga, ya girgiza, ya matsa da yatsa. Yumɓun ban gasa shi ba, shanya shi kawai na yi. Ya ruguje a tafinsa. Tara da rabi ta wuce.

Na koma mota na kasa ko kuka. Wata dattijuwa mai tallar fura da ke kusa da ni ta buɗe ƙwaryarta.

"Ɗiyata, mulmulalle dai kike so? Ungo. Kar ki matsa shi irin na wancan."

Kano. Na shiga ana kiran sunana karo na biyu. Na soke dawon a waya, na nannaɗa audugar, aka rufe tagogi. Na kunna fitilar, na juya dawon. Ya gifta, haske ya dusashe a bango, gefensa ya yi wani ja-ja kamar gari kafin rana ta fito.

"Sake juyawa," in ji babban malamin. Na sake. Ya ce in dawo da takarduna ranar Litinin.

Gida. Na iso bayan la'asar. Inna ta dama duniyar da nono, muka sha. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da baiwar Allah da ta sauka a Mariri ban tambayi sunanta ba.