Sanyin Motata da Mai Gidan Gaba

Shekarar da aka mayar da ni aiki wani ƙaramin asibiti a Aliero na sayi mota. Tsohuwa ce, amma da gumina na saye ta, kuma esinta yana da sanyi har sai ka ja mayafi. Kullum da safe in taso daga gidanmu a Jega Magaji in je in dawo, na huta da jiran motar haya.

Mutum ɗaya ne motar nan ta tsaya wa a rai, wan mijina. Yaya muke ce masa. Dogo ne sosai, ya taɓa yin mota ya sayar, tun daga nan ya zama malamin motocin mutane. Duk ranar da zan fita sai ya tuna yana da sabga a kasuwar albasa. Ba ya tambaya, buɗe gidan gaba yake ya zauna, don shi ne babba. Ni kuwa matar ƙane ce, gaisuwa kawai ke tsakaninmu.

Da bazara ta kama, esin ya fara wani hali. Muna tafiya cikin sanyi, sai iskar ta koma ɗumi, fanka tana hurawa amma kamar daga bakin murhu. Can kuma sanyin ya dawo da kansa. Na kai wa mai gyara ya ƙara gas, bai hana ba. Na kai wa wani ya bi bututu da ruwan sabulu yana neman inda yake yoyo, bai samu ba. A gabansu motar lafiya lau take, har suka fara yi mini kallon mai ƙorafin banza.

Yaya kuwa ya samu abin yi. Ya ce ban iya taka mota ba, ina wahalar da inji, shi ya sa sanyin ke gudu. Wata rana ya karɓi makulli ya kai surukata, Inna, gaisuwar rasuwa a Birnin Malam, suka je suka dawo sanyi bai ko girgiza ba. Washegari na ja su ni da kaina, shi yana gefena, tafiya tana miƙawa zufa ta karyo wa kowa. Ya juya ya dubi Inna a baya.

"Kin gani ko? Motag ga ba ta son hannun mace."

Na ce idan ni kaɗai ce ba ta taɓa yi mini haka. Aka yi dariya, don ba ni da shaida. Mijina mutum ne mai gudun rigima, ya ce in yi haƙuri. Inna ta yanke cewa bayan sunan jikarta da za a yi a Liba, makulli zai koma hannun Yaya, shi zai riƙa kai ni aiki kafin in kashe motar gaba ɗaya. Na san abin da wannan ke nufi. Zan koma tsayuwa bakin hanya, motata tana yawon ɗaurin aure da Yaya a ciki. Ranar na ƙudura sai na rama.

Na daina musu, na koma sauraron mota. Na lura duk lokacin da sanyin zai tafi akwai wani ɗan sauti da ke fitowa daga inji, ƙas, sai ɗumi ya biyo. Na zargi rami, na zargi gudu, na zargi rana, duk ba su ba ne. Sai wata safiya muna wuce gonakin albasa, Yaya ya yi abin da ya saba yi idan tafiya ta miƙa. Ya tuɓe takalmi, ya jingina, ya cusa dogayen ƙafafun nan can ƙarƙashin akwatin gaba. Ƙas. Da muka zo shiga Aliero ya janye su don ya sa takalmi, sanyi ya dawo. Na ji daɗin da rabona da shi tun ranar da na sayi motar.

Da na koma gida na tayar da ita a tsakar gida, na ɗauko muciya na tura inda ƙafarsa take kaiwa. Sanyi ya ɗauke. Na zare, ya dawo. Na kai wa mai gyara na nuna masa wurin, ya leƙa ya ce wata 'yar waya ce da ke sa kwamfireson esi ya kama, bakinta ya yi sako-sako, da an danna sai ta rabu. Ya ce yanzun nan zai ɗaure ta. Na riƙe masa hannun riga na ce ya bar mini ita yadda take.

Ranar suna rana ta buɗe sosai. Inna da ƙanwarta suna baya da ƙatuwar kular waina a tsakaninsu, Yaya yana gaba cikin babbar riga mai sitaci. Ya so ya tuƙa, amma Inna ta ce a bar ni in yi na bankwana. Na kama hanyar Maiyama a hankali, ina satar kallon takalminsa. Bai ba ni kunya ba. Ya tuɓe, ya miƙe, sanyi ya tafi.

Na bar su suka dahu tukuna. Inna tana fifita da gefen mayafi, Yaya yana ta bayani a kan yadda ake lallaɓa inji. Sai da na ga zufa ta jiƙa masa wuyan riga na yi magana, da ladabin da ban taɓa yi masa irinsa ba.

"Yaya, don Allah ku ɗan janye ƙahwa."

Ya ce mene ne haɗin ƙafarsa da rashin iya tuƙina. Inna, wadda zafi ya riga ya cinye wa haƙuri, ta ce ya janye mana, ai ba sare ta za a yi ba. Ya janye. Sanyi ya busa har gefen ɗankwalinta ya motsa.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wanga, sake miƙe ta mu gani."

Ya miƙe, ɗumi. Ya janye, sanyi. Ta sa shi ya yi ta maimaitawa, ƙanwarta tana dariya har da hawaye, ni kuwa idona yana kan hanya kamar ba ni a wurin. Daga nan Inna ta ce in tsaya. Ta fito da kanta ta buɗe ƙofarsa.

"Koma baya. Ni ka zama gaba."

Haka muka shiga Liba, mutane cike a ƙofar gidan suna, Yaya a baya kusa da gwaggonsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, kular waina a cinyarsa. Ba a sake ta da maganar makulli ba. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, don ya yi niyyar raba ni da motata yana murmushi.

Duk lokacin da na kai ta juyen mai, mai gyaran nan sai ya tuna mini wayar, ni kuma in ce ya bar ta. Yaya har yanzu yana bina Aliero wani lokaci. Idan ya kai hannu ƙofar gaba, nakan gaishe shi da kyau, in tuna masa ana zafi yau, sai ya saki ya buɗe ta baya.