Talotalon da Ya Cinye Yajin Jegona

Ko da zan tsufa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da talotalon nan. Yanzu shekara takwas ke nan, amma ko kukansa na ji a gidan wani sai in ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga wankan gida ba, ina goyon 'yata ta fari, watanta huɗu. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Yarinya ta yi tari in tashi, ta yi shiru in tashi. Amma duk duniya ba wanda nake tsoro kamar yayar maigidana da ke aure a Kano. Ita ce ta taɓa ɗanɗana miyata a gaban mutane, ta ce, "Amarya, wannan miya ce ko ruwan da aka wanke tukunyar miya?" Aka yi dariya aka watse, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar Sallah sai ga saƙo a motar Ɗanbatta: ƙaton talotalo, an ɗaure masa ƙafa da tsumma. Yaya ce ta aiko wa Inna, uwar mijina, ta ce za ta zo ranar Sallah a ci tare. Ta kira a wayar maigida ta ce a ba ni.

"Amarya, ke za ki gasa shi. Amma ki sani talotalo ba kaza ba ne. Namansa kauri gare shi, in ba a yi dabara ba yaji ba ya shiga ciki. Kin dai gane ko?"

Na ce, "Na gane, Yaya."

Wallahi ban gane komai ba. Ban taɓa cin talotalo ba, ban ma taɓa ganinsa kusa haka ba. Inna kuwa tana nan tsakar gida, taku biyar tsakanina da ita, amma na ce a raina in na tambaye ta, maganar za ta koma kunnen Yaya, a ce ko gashin nama ban iya ba.

Kwana biyu ina tunani. Rana ta uku ina ba yarinya nono sai dabara ta faɗo mini. Da ina jego, duk ranar da na cika yaji a gasasshen nama sai tsofaffi su ce, "Rage barkonon nan, abin da uwa ta ci shi ke bin nono." To in abin da na ci yana ratsa jikina har ya kai ga yarinya, me zai hana abin da talotalo ya ci ya ratsa namansa? Ai dabarar da Yaya take nufi ke nan! Har na ji ina yaba wa kaina.

Ina da babban gwangwani cike da yajin jego wanda mahaifiyata ta daka mini da hannunta: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, har da tafarnuwa. Ina ji da shi ƙwarai, da ɗan cokali nake ɗiba. Na kai zuciya nesa na fara kwaɓa wa talotalo dusa da shi, safe da yamma, a bayan rumbu inda ba mai gani.

Ranar farko ya kalli kwanon da ido ɗaya, ya juya ya kalle ni da ɗayan, ya yi atishawa sau uku, sannan ya cinye tas. Ina tsaye sai na ga fatar wuyansa mai reto ta yi ja wur. Na ce alhamdu lillahi, barkono ya fara kamawa. Ban san haka Allah ya halicce su ba, wuyansu na sauya launi in ransu ya motsa. Washegari da na ga wuyan ya koma fari-fari da shuɗi, sai na ce yajin ya sane. Na ƙara cokali biyu. Haka muka yi ta yi da shi: ya yi ja in ji daɗi, ya yi fari in ƙara.

Kafin mako tsuntsun nan ya zama abin tsoro a gidan. Ya kori zakaran Inna daga tsakar gida. Ya hana akuya shan ruwa. Maigida ya sunkuya zai yi alwala, ya cafke shi ta baya, buta ta yi gabas shi ya yi yamma. Ni kaɗai yake so. Duk inda na sa ƙafa yana biye da ni, ya baza wutsiya kamar mafici yana jan fiffike a ƙasa.

Inna ta ce, "Ni 'yar nan, tsuntsun birni da mura yake zuwa ne? Tun safe yake atishawa."

Na ce, "Canjin ruwa ne, Inna."

Jajiberin Sallah na kankare gindin gwangwani na ba shi na ƙarshe.

Da aka sauko daga idi, sai da maigida ya kira maƙwabcinmu suka taru su biyu kafin su danne shi a yanka. Na fige, na gyara, na wanke, na barbaɗa ɗan gishiri. Na haɗa garwashin itacen marke na ɗora wayar gashi. Ina cikin ɗaga talotalon sai ga sallamar Yaya, ta sha leshi, ƙamshin turare ya riga ta shigowa. Ta gaida Inna, ta ɗauki yarinya ta yi mata wasa, sannan ta leƙo madafi.

"Amarya, fari fat haka za ki ɗora shi? Ina yajin?"

Na ce, "Yana ciki, Yaya."

Ta sunkuya ta leƙa cikin tsuntsun, har da zura hannu. "Ciki ina?"

"Cikin namansa. Ai na gane dabarar da kika ce. Kwana goma yana ci, safe da yamma. Gwangwani guda ya cinye."

Na ga Inna ta ajiye muciya a hankali, ta zauna a kan turmi, kafaɗunta suna rawa. Can sai dariya ta ƙwace mata, har ɗankwalinta ya zame. Tana share hawaye tana cewa, "Canjin ruwa! Wai canjin ruwa!" Maigida daga zaure ya ce, "Ashe yajin jego aka ba shi! Shi ya sa ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ni kuwa ban yarda ba tukuna. Na yanko tsoka daga ƙirjinsa na gasa, na miƙa wa Yaya. Ta tauna, ta tauna, ta ce, "Amarya, ko ƙamshin citta bai bi ta unguwarsu ba." Na ɗanɗana da kaina. Salam. Ga yajin uwata ya tafi, ga abin da na gudu ya same ni. Na tsuguna a nan gefen murhu na fashe da kuka, yarinya ta ji ni ita ma ta ɗauka.

Inna ce ta fara tsagaita dariya. Ta dubi 'yarta ta ce, "To ke mai birni, tunda kin san dabarar, tashi ki nuna mata."

Yaya ta gyara mayafi. Ta ce ai ana... ana shafa abubuwa ne. Inna ta ce waɗanne abubuwa? Ta ce abubuwan da ake shafawa. Inna ta ci gaba da kallonta. Daga ƙarshe Yaya ta ce, "Ni fa Inna gasasshe nake saye wajen mai gashi. Shi na ji yana faɗin haka."

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu! Wadda ba ta sani ba ta tsorata wadda ba ta tambaya. Ku tashi ku duka biyun."

Ita ma ba ta taɓa gasa talotalo ba, amma ta ce nama nama ne. Ta sa aka raba shi gida huɗu, ta ɗauki wuƙa ta tsattsaga cinyoyi da ƙirji har kusa da ƙashi, ta ce, "Ga ƙofar da yaji ke shiga, ba ta baki ba." Ta fito da ƙuli-ƙuli da barkono da citta daga ɗakinta. Masoro da kanumfari babu, sai na leƙa ta kan darni na roƙi maƙwabciya. Ta ce, "Ina naki na jego?" Kafin in buɗe baki Inna ta ba ta labari daga inda take zaune. Kafin azahar duk ƙauyen ya ji.

Yaya ta tuɓe mayafi ta kama taɓarya, da leshinta da komai, tana daka tana atishawa kamar marigayin. Inna ta ce ƙuli-ƙuli ya fi yawa don shi ke riƙe yaji a jikin nama, kanumfari kuwa ƙwaya kaɗan, in ya yi yawa sai ya ɗaci. Muka matse lemon tsami a tsagar, muka kwaɓa yajin da man gyaɗa da daddawa kaɗan, muka cusa da yatsa, muka rufe da kwano muka bar shi ya sha. Sannan aka ja garwashi gefe, aka gasa a hankali, ina juyawa ina shafa mai.

Sai bayan la'asar muka ci. Yaya ba ta ce ya yi daɗi ba, ba halinta ba ne. Amma da za ta tafi ta ce a naɗe mata cinya ɗaya, kuma bayan mako biyu sai ga saƙo a motar Ɗanbatta: gwangwani cike da yaji, ya fi nawa girma. Tun daga ranar ba ta sake taɓa maganar miyata ba.

Har yau in zan ba kaji tsaki sai wata ta ɗago murya ta kan darni ta ce, "Kin sa musu citta kuwa?" Nakan yi dariya, don na ci riba. Na gane cewa kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ta rashin tambaya kuwa ga ta nan shekara takwas ba ta gama da ni ba. Kuma duk mai tsorata ni da "kin dai gane ko?", yanzu nakan ce, "A'a, ban gane ba, nuna mini." Sau da yawa sai in tarar ita ma a bakin mai gashi ta ji.