Shekarun Mai Tsaron Raga

Ɗana na biyu gola ne. Tun yana firamare yake tsaron raga a filin bayan gari, tsakanin gonakin dawa. Akwai wata kwaleji a birni da takan turo mutane bayan girbi su zaɓi 'yan ƙwallo. Wanda suka ɗauka zai yi karatu kyauta, yana buga musu wasa. Shekarar da ya gama sakandare suka zaɓe shi, suka ce ya kai takardunsa.

Bai kai ga zuwa ba muka fara jin kwalejin a rediyo. Wai an gano cikin 'yan wasanta har da magidanta masu 'ya'ya, sun rage shekaru da takardar rantsuwa ta kotu. Aka sallami kocin. Wanda aka kawo ya ce shi ba rantsuwa, takardar haihuwa ta asibiti kawai zai karɓa.

To ni a ɗakina na haife shi, ungozoma ta yanke cibiya. Mu a nan da abin da ya faru muke riƙe shekaru. Kowa ya san an haife shi daminar da rijiyar unguwarmu ta rufta.

Amma a lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma malamarmu takan sa kowace mace ta rubuta abin da ya faru a gidanta. Na lalubo littafin a ƙasan akwati, ga ranar suna da hannuna. Na raka shi birni da shi.

Kocin ya daɗe yana duba shafin.

"Inna, rubutunki ya fi nawa kyau. Amma wannan gemun na ɗanki fa?"

"Malam, gado ne. Kakansa ma da ƙyar aka yaye shi babu gemu."

Ya yi dariya har da dukan tebur, sannan ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"Wallahi na yarda da ke. Sai dai masu bincike ba za su karanta wannan ba. In na ɗauki yaro babu takarda, gobe ni za ki ji a rediyo."

A shekarar ba su ɗauki ko mutum ɗaya daga ƙauyukanmu ba, sai waɗanda aka haifa a asibitin birni. Kuɗin kwaleji kuwa ba mu da shi, ɗana ma ya sani.

A motar dawowa, da muka wuce Tofa, sai ya tambaye ni ko har yanzu kawunsa yana neman mai taya shi aikin lambun albasa a Watari. Na ce yana nema.