Fayafayan Isufu Za Su Isa Maradi Lafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 18 ga Agusta, 2008, mutanen birnin Guangzhou na ƙasar Sin na can gaban talabijin suna kallon Olamfik, Allah ya karɓi ran abokina Alhaji Isufu, ɗan kasuwar Maradi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Xiaobei.

Isufu, kai ka tarbe ni a garin nan ban san kowa ba, ka nuna mini inda ake cin halal. Amma mun sha faɗa a kan fayafayan fulofinka, irin waɗanda ake zura wa kwamfutocin da. Tsohuwar kyamararka a kansu take ajiye hoto, kuma a cikinsu kaɗai fuskar marigayiya Aicha ta saura, matarka da ta rasu ta bar 'yarku Saffana tana goye. Hotunan takarda gara ta cinye su a gida. Ka yi niyyar wanke wa yarinyar sababbi da Sallah.

Ba ka yarda a zuba fayafayan a leda ba, ka ce tana tara gumi. Kwali kuwa, danshin garin nan zai sa shi fumfuna. Sai da ka zaga kantunan unguwar Tianhe ka samo akwatin roba mai tauri, ka jera su a tsaye, ka zuba ƙulle-ƙullen nan masu shanye danshi na cikin kwalin takalmi. Ranar da na ɗora rediyona a kai, kamar za ka cinye ni ɗanye: "Ƙasimu, akwai mayen ƙarfe a sifika, goge su zai yi!"

Jiya ƙaninka Tankari ya sayo jaka mai kyau, ya fesa mata turare, wai don girmama kayanka. Maɓallinta mayen ƙarfe ne! Haba Tankari! Fizge akwatin na yi, ban ko ba shi haƙuri ba. Ba za su shiga jaka ba, ba za su shiga kwantena ba. A hannuna za su je Maradi, in Allah ya yarda.

Yau na kai su Tianhe don a kwafe hotunan a kwamfuta. Da hoton farko ya buɗe, sai ga ka a gefen Aicha, kana dariya. Wallahi na yi kuka. Ashe ba uwarta kaɗai ka adana wa Saffana ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Aicha a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Fasuma da Tankari. Saffana kuwa, Allah ya raya ta, ya nufe ni in damƙa mata iyayenta da hannuna.